Gwiwar Lamba Bakwai

Tun daga ƙofar falo Auta ta hango littafinta mai koren bango a kan cinyar Baba, littafin da ta wuni tana zazzage jaka tana nema har malamin ɗakin gwaji ya yi mata tsawa a gaban 'yan aji. Kusa da Baba, a kujerar baƙi, Mai Kemis na bakin titi ne ya harɗe ƙafa da tabarau a karan hanci. Gwaggo, yayar Baba da ta riƙe Auta tun rasuwar mahaifiyarta, tana zaune a ƙasa ta zabga tagumi.

"Ajiye jakar ki zauna," Baba ya ce, ko gaisuwarta bai amsa ba.

Ta ɗosana a bakin kujera. Ya buɗe littafin daidai inda aka lanƙwasa kusurwar shafi, ya juyo mata da shi.

"Waye lamba bakwai?"



Sati biyu da suka wuce aka ba su aikin, a kwas ɗin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na 'yan shekarar farko a jami'a. Kowane ɗalibi ya samo mutum goma, ya zaunar da su ƙafafu na reto, ya bugi ƙasan ƙoƙon gwiwarsu da 'yar gudumar roba, ya rubuta ko ƙafar ta harba ko ba ta harba ba. Malam ya ja musu kunne cewa ba a sa sunan kowa, lamba kawai. Baba ne lamba ɗaya, ranar har silifas ɗinsa ya tashi ya faɗa bayan talabijin, yana ta ƙyaƙyata dariya. Gwaggo ce ta biyu. Auta ta bi doka, ba ta sa suna ba, amma da ta zo kan na bakwai sai so ya ja hannunta ta zana ɗan almakashi a gefen lambar, har da yi masa ado. Mai almakashi ɗaya ne ke sallama a gidan nan, Tela ne, wanda kawunnansa za su zo ranar Asabar neman aurenta.

Gwiwarsa ta dama ta harba. Ta hagu kuwa sau huɗu tana bugawa, shiru. Dariya suka yi ranar, ya ce ƙafar ce ke jin kunyarta. To amma duk duniya ba wanda ya kai ɗalibin shekarar farko rawar kai, sati uku da shiga aji kowa a gidansu ya zama majinyaci. Tana komawa ɗaki ta ɗauko jan biro ta kwafo duk abin da malam ya lissafa na iya hana gwiwa harbawa, ta jera su a ƙarƙashin lamba bakwai. Wanda malam ya ce zai fito a jarrabawa ta ja masa layi biyu, wato ciwon jijiya na gado.

Gwaggo ce ta tsinci littafin wajen shara. Ba ta karanta Turanci, amma ta gane almakashi kuma ta san jan biro ba ya ɗauko alheri. Sai ta yafa mayafi ta kai wa Mai Kemis ya fassara mata, mutumin da sau biyu yana aiko wa Baba yana son Auta, sau biyu tana cewa a ba shi haƙuri.

"Da ke nake," Baba ya ce. "Tela ne ko ba shi ba ne?"

"Shi ne, Baba. Amma aikin makaranta ne kawai, ba wata ma'ana..."

"Ba ma'ana kika ja wa layi biyu?"

Mai Kemis ya gyara murya. "Ni dai, Baba, abin da ke rubuce na karanta. Irin wannan ciwon daga ƙafa yake farawa, ya hau a hankali, wata rana sai keken guragu. Kuma da yake na gado ne, 'ya'ya ma ba su tsira ba. Allah ya sani ban so faɗa ba."

Ƙarya yake, ya so faɗa, har kunnuwansa sheƙi suke yi don daɗi.

Auta ta juyo kansa, idanunta sun kaɗa. "Malam, kai da ke awon maganin tari a murfin kwalba, yaushe ka zama likitan jijiya? Ka taɓa duba shi? Ka taɓa riƙe gudumar nan ma a hannunka?"

"Ke, ki iya bakinki," Gwaggo ta katse ta.

Mai Kemis ya yi murmushi ya cire tabarau yana gogewa. "Ai ba ni na duba shi ba, ƙanwata. Ke kika duba shi, kuma rubutunki ne."

Wannan maganar ce ta fi yi mata ciwo.

Gwaggo ta share ido da bakin mayafi. "Auta, kina ganin ƙiyayya ce. Shekara takwas ina juya mijina a kan gado, ni ce wanka, ni ce kai shi bayi, har bayana ya ƙage. Kin san wannan, a gabanki aka yi. Ni ban zaɓa ba, same ni ya yi. Ke kuwa kina gani da idonki, kin ma rubuta da hannunki, ki ce za ki faɗa? Wallahi ba da raina ba."

"Gwaggo, wata biyu kacal na yi ina kwas ɗin nan. Ni me na sani?"

"Da kika bugi tawa ba ta harba ba?" Baba ya tambaya.

"Ta harba."

"Ta gwaggonki fa?"

"Ta harba."

"Mu tsofaffi tamu ta harba, ta saurayi ta ƙi. To na aika wa kawunnansa su dakata da zuwan Asabar. Tashi ki ba ni wuri."

Ta miƙa hannu za ta ɗauki littafin, ya dafe shi. Haka ta wuce ɗaki ta banko ƙofa, tana jin Mai Kemis yana ba Baba haƙuri wai yarinta ce.

Washegari ba ta shiga laccar safe ba, shagon Tela ta nufa. Ya duƙufa a kan keken ɗinkinsa na lantarki yana ɗinke hannun riga, da tef ɗin awo rataye a wuyansa. Ya ji sallamarta sarai, sai da ya kai ƙarshen layin ya ciji zare sannan ya ɗago.

"Likita ce da kanta," ya ce. "Wace ƙafar za a duba yau?"

"Don Allah ka saurare ni."

"Na saurare ki ranar nan. Kika ce in hau teburin yanka in saki ƙafa, wasa ne, maki biyar ne. Na hau. Ashe takardar korata nake taya ki rubutawa."

"Ban san za a gani ba."

"Wato da ba a gani ba shi ke nan? Kina yi min dariya a nan, ki je ɗaki ki rubuta ina da ciwon gado?" Ya miƙe ya jefar da rigar kan tebur. "Kin san inda maganar ta kai? Jiya da yamma mutum uku suka shiga kemis sayen magani suka fito da labarin gidanmu. Mahaifiyata ko ruwa ba ta sha ba tun jiya. Surukan ƙanwata sun bugo waya da asuba suna tambaya wai wane ciwo ne a jininmu. Yarinyar nan me ta yi miki?"

Hawaye suka zubo mata, amma na takaici ne. "Kai ma laifina kake gani? Wancan munafukin ya ɗauki littafin makaranta ya mai da shi takardar asibiti, ba ka ga nasa ba sai nawa? Jiya ni kaɗai na tsaya maka a falon nan, har Gwaggo na ɗaga wa murya, abin da ban taɓa yi ba."

"Da ba ki zana almakashi ba, da ba sai kin tsaya min ba."

"Don ina sonka na zana."

"To ga inda son ya kai mu."

Ya zagaya ya ɗauko wani yadi, silifas ɗinsa na hagu ya zame ya tsaya a ƙarƙashin keke, shi kuwa ya wuce abinsa. Kullum haka yake yi, kullum tana tsokanarsa wai mai ɗinka wa mutane kaya ya kasa sayen takalmi daidai ƙafarsa. Yau ba ta da bakin tsokana, sai ta tura masa shi da ƙafa.

"Mu je asibiti a duba ka," ta ce. "Likita ya rubuto lafiyarka ƙalau, in kai wa Baba, bakin kowa ya mutu."

Ya juyo da sauri. "Ba inda za ni. Ni ba akuyar kasuwa ba ce da za a buɗe min baki a ƙirga haƙora kafin a saya. In mahaifinki bai yarda da ni a haka ba, ya riƙe 'yarsa."

"Haka ka ce?"

"Haka na ce."

Ta fita ba sallama, tana tafe tana share fuska, duk wanda ya gaishe ta a layin sai dai ya bi ta da kallo.

Ranar Alhamis aka koma ɗakin gwaji. Dogayen tebura ne farare, da famfo a ƙarshen kowanne, ga wani kan roba da ake buɗewa a ciro ƙwaƙwalwa gida-gida. Malamin gwajin tsoho ne gajere mai faɗa, gudumar roba ba ta barin aljihun farar rigarsa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana duba aikin mutum goma. Da ya zo kan Auta ta ce har yanzu littafin yana gida.

"Ranar Litinin in ban gan shi ba, sifili," ya ce ya wuce. Can ya tsaya a tsakiyar ɗakin. "Su wa suka samu gwiwar da ta ƙi harbawa?"

Hannu ya fi goma a sama. Auta ta ɗaga nata a sanyaye.

"Na sani. Duk shekara haka kuke, ku je gida ku kashe danginku a takarda. Rabin mutanen nan tsoron gudumarku ne ya sa suka ƙanƙame ƙafa."

Ya kira wani dogon ɗalibi ya ɗora shi kan tebur, ya buga, ƙafar ba ta motsa ba. Sai ya ce masa ya sarƙe yatsun hannuwansa biyu a gaban ƙirji, ya ja da iya ƙarfinsa, ya kalli silin. Yana cikin ja malam ya sake bugawa. Ƙafar ta tashi fit, har ta taɓa rigar malam, aji ya kwashe da dariya.

Auta ba ta yi dariya ba. Zuciyarta ce ke tafasa. Abin nan bai kai minti ɗaya ba, me ya hana tsohon nan ya nuna musu tun sati biyu da suka wuce? Da yanzu Gwaggo tana lissafin abin da za a dafa wa baƙin Asabar.

"Saƙon nan ba ya zuwa ƙwaƙwalwa neman izini," malam ya ci gaba. "Daga gwiwa ya bi jijiya ya shiga laka a cikin ƙashin baya, daga nan ya juyo. Shi ya sa yake da sauri. Kai, zo nan."

Wani ɗan iyayi ne a gaba, ya hau tebur yana ƙifta wa abokansa ido. Malam ya buga a gefe da gangan, inda ba jijiyar, yaron ya wurga ƙafa sama.

"Kun gani? Wannan ta ƙarya ce. Ta gaskiya, kafin guduma ta bar gwiwa ƙafa ta tashi, kuma daga gwiwa zuwa ƙasa kawai. Ta ƙarya sai ta makara, don sai mai ita ya ji bugun ya yanke shawara, kuma za ku ga cinya ta ɗaga tare da ita. Ku riƙe wannan. Kuma abin da idonku ya gani shi za ku rubuta. Wanda ya fara rubuta abin da yake so ya gani, ya nemi wani karatun tun da wuri."

Ana tashi ta ari guduma ta fito baranda ta kira Tela. Sau uku yana katsewa, a na huɗu ya ɗauka.

"Kuskurena ne," ta ce tana haki. "Ban iya ba ne, akwai dabarar da ba a koya mana ba sai yau. Ka zo gobe bayan la'asar in sake a gaban Baba. Minti ɗaya ne, za ta harba, wallahi za ta harba."

"Na gaya miki ba..."

"Ba don ni ba. Don ƙanwarka, don mahaifiyarka. A gaban Mai Kemis zan yi, ya gani da idonsa ya je ya kwashe abin da ya zubar."



"In ta harba shi ke nan?" ya ce.

"Shi ke nan."

"To."

Baba bai so ba da farko, amma shi mutum ne mai son a yi komai a fili. Ya ce tunda guduma ce ta kawo maganar, guduma ta raba ta. Shi da kansa ya aika a kira Mai Kemis.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka janyo teburin cin abinci tsakiyar falo. Tela ya shigo da sabuwar riga ɗinkin hannunsa, ya durƙusa ya gaida Baba da Gwaggo, bai kalli inda Mai Kemis yake ba, bai kalli Auta ba. Ta ga jijiyar wuyansa ta tashi. Namiji mai shago da masu aiki a ƙarƙashinsa, an ɗora shi kan tebur ƙafafu na reto a gaban wanda ke neman budurwarsa. Ita kanta sai da ta ji kunyar ta kama ta.

"Ka sarƙe yatsunka haka," ta ce a hankali. "Ka ja da ƙarfi, ka kalli sama."

Ya yi yadda ta ce. Ta fara da dama. Guduma na sauka ƙafar ta tashi fit.

"Wannan ai dama ba a yi musu a kanta ba," Mai Kemis ya ce.

Ta koma hagu. Ta duba wurin da kyau, ɗan kwarmin da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, daidai inda malam ya nuna. Ta buga.

Ƙafar ba ta motsa ba.

Gwaggo ta ja numfashi. Mai Kemis ya matso bakin kujera.

"Hannuna ne ya goce," Auta ta ce da sauri, alhali ta san bai goce ba. "Ka ja sosai."

Ya ja har yatsunsa suka yi fari. Ta sake bugawa. Gudumar ta sauka, ta tashi, ta dawo gefen Auta, sannan ƙafar ta wurga sama har ta kusa kifar da kofin shayin Baba. Cinyarsa ta ɗaga daga kan tebur tare da ita.

"Alhamdu lillahi," Baba ya ce yana tafa hannu. "Kun ga ta ma fi tawa ƙarfi."

Gwaggo ta fashe da kuka tana cewa Tela ya yafe mata, tsoro ne irin na uwa. Mai Kemis ya fara cewa gwaji ɗaya ba ya isa, ya kamata a ƙara bincike. Baba ya ɗaga masa hannu.

"Gwaji ɗaya ya ishe ka ranar Talata, har ka raba wa masu sayen magani. Yanzu ka koma shagonka, duk wanda ka gaya wa ka sake gaya masa abin da ka gani yau. Mun gode."

Mutumin ya tattara tabaransa ya fita, ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba.

Wannan ne abin da Auta ta kwana uku tana roƙon Allah ta gani, amma tana tsaye da guduma a hannu jikinta ya yi sanyi ƙalau. Duk falon ita kaɗai ta san harbin ya makara. Ta ɗago ta kalli Tela. Ya sauke idonsa daga silin ya zuba mata, bai ƙifta ba, kuma a nan ta gane ya san ta gane.

Baba ya ɗauko koren littafin daga ƙarƙashin matashi, ya haɗa da biro ya miƙa mata. "Ungo, gyara shirmenki a gabana. Ki soke jan rubutun nan, ki rubuta abin da kika gani."

Ta karɓa. Ga lamba bakwai, ga ɗan almakashinta da adonsa. Gwaggo tana kallonta da jiƙaƙƙun idanu tana murmushi, matar da ta yi shekara takwas tana juya miji. Kalma ɗaya za ta faɗa, Baba ya sake aikawa gidan kawunnan, wannan karon ba dakatawa ba, fasawa. Ta soke jan rubutun layi bayan layi. A ƙasa ta rubuta: hagu, ta harba.

"Karanta min," Baba ya ce.

"Hagu, ta harba."

"Madalla. Raka shi, ki ba shi haƙuri da bakinki."

Tela ya sauko daga tebur ya yi sallama, ya zura silifas a bakin ƙofa. Tana biye da shi. Tsakar gidan tsakuwa ce aka zuba, rana ta wuni tana gasa ta. Suna sauka daga dakali silifas ɗinsa na hagu ya zame ya tsaya. Tela bai tsaya ba. Ta ƙirga da idonta, taku ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, ƙafarsa tsirara a kan tsakuwa mai zafi, yana tafiya hankalinsa kwance.

Ta sunkuya ta ɗauki silifas ɗin. Daidai ƙafarsa ne, tun can ma bai taɓa yi masa yawa ba.

"Tsaya," ta ce.

Ya juyo, ya ga abin da ke hannunta, sannan ya kalli ƙafarsa.

"Tun yaushe?" Muryarta ƙasa-ƙasa take don kada a ji a falo.

"Auta..."

"Kada ka kira ni. Tun yaushe ka sani?"

Ya kau da kai wajen ƙofar gida. "Shekara biyu. Tun da na sayar da keken ƙafa na sayi na lantarki. Na daina jin fedar da nake takawa a tafin ƙafata."

"Ka ce min don ɗinki ya yi sauri ne."

"Haka na gaya wa kowa."

"Ni kowa ce?" Hawaye suka ɓalle mata. "Ka bar ni na tsaya a shagonka ina kuka ina ba ka haƙuri. Ka ce na zubar wa gidanku mutunci, ka ce kai ba akuya ba ce. Kwana uku ban iya haɗiye abinci ba ina tsine wa kaina, ina cewa jahilcina ne ya raba mu. Ashe abu ɗaya da na yi daidai a karatun nan shi ka sa na soke."

"Tsoro nake ji," ya ce, shi ma idonsa ya ciko. "Ban je asibiti ba don kada a faɗa min. Mahaifina ma haka ya fara, yana yar da takalmi a hanya muna yi masa dariya, bai kai ga tsufa ba hatsarin mota ya ɗauke shi, ba wanda ya san ƙarshen abin. In na gaya miki, ke da kike karanta abin nan kullum, za ki zauna?"

"Da ka tambaye ni. Da ka bar ni na zaɓa da kaina."

"Ai kin zaɓa," ya ce a hankali. "Kin ga ta makara, na ga fuskarki. Baba ya ba ki biro, kuma na ji abin da kika karanta masa. Yanzu ba ni kaɗai na yi masa ƙarya ba."

Da mari ya yi mata da ya fi mata sauƙi. Ta ɗaga silifas ɗin kamar za ta kwaɗa masa a fuska, hannunta ya tsaya a sama. Ta tsane shi a wannan lokacin, tsana ta gaske, kuma abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ko da za a dawo da ita falon a sake ba ta biron, ta san abin da za ta sake rubutawa.

Labulen tagar falo ya motsa, muryar Baba ta fito cike da fara'a.

"Auta, bai tafi ba ko? Ki ce masa kawunnansa su zo gobe da hantsi kamar yadda aka tsara. Gwaggonki ta ce har ta fara shiri."

Tela yana kallonta, yana jiran abin da zai fito daga bakinta. Ta sauke ido ƙasa. A gefen diddigensa na hagu wani fasasshen gilashi ya shige, jini na bin tsakuwa a hankali, shi kuwa yana tsaye a kai bai sani ba.

"Auta, kin ji ni kuwa?"

"Na ji, Baba," ta ce da ƙarfi. "Za su zo."

Ta jefa silifas ɗin a gaban ƙafarsa, ta share fuska da bayan hannu.

"Ɗaga ƙafarka," ta ce. "Jini kake yi."